Hannun da Ya Ƙarasa Aikin Bassu

Bassu bai zo Rabat don kallon ƙasusuwa ba. Likitan ƙirji ne ya kawo shi, likitan kuma ya sallame shi tun kafin azahar. Ƙurar dutse ta shekara talatin da takwas ta samu wurin zama a huhunsa, hannun daman nan da ke rawa kuwa ba zai daina ba, sai dai a lallaɓa. Aikin tonon dutse da allura ya ƙare ke nan. Bassu ya riga likita sanin haka, shi ya sa tun kafin su baro Alnif ya yi wa maƙwabcinsa Lahsen alkawarin ranar Alhamis zai miƙa masa mabuɗin shago da duk abin da ke ciki.

Sau uku 'yarsa Tuda tana roƙon mabuɗin nan, sau uku yana hana ta. Shekararta ashirin da shida, ita ke wanke duwatsu, ita ke naɗe su a takarda, ita ke yi wa baƙi Faransanci idan sun shigo, amma bai taɓa barin ta ta zauna a teburin allura ba.

“Wannan ba murza kuskus ba ne,” haka ya ce mata a na ukun. “Hannu biyu aka yi a gidanmu. Ɗaya yana kabari, ɗaya ga shi yana rawa. Lahsen dai ba gwani ba ne, amma namiji ne da ya taso a ramin haƙar dutse.”

Bassu mutumin kirki ne, wannan ba a musu, sai dai idan ya kafe a kan magana har jakinsa ya fi shi sauƙin juyawa.

Kowa a Alnif ya san yadda ake samun ƙwaron dutse, irin ƙwarin tekun nan na zamanin da can da suka daskare a cikin duwatsun yankin. Sai an fasa ake gani. Ka buga guduma, ka lashi yatsa ka shafa fuskar da ta fashe, idan wani siririn baƙin layi ya bayyana to akwai halitta a ciki. Sai ka manne ɓarin biyu, ka zauna wata da watanni da allura kana ɗebe dutse ƙwaya ƙwaya har ta fito. A rayuwarsa Bassu ya fitar da ɗaruruwa, amma guda ɗaya ce yake kira tasa: wata mai ƙayoyi arba'in, kowace ƙaya siririya kamar gashin akuya. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya gama ɓangaren damanta, sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi mako bakwai a asibitin Errashidiya. Ko da ya dawo an ƙarasa ta, dillali ya riga ya ɗauka. Ƙanensa Assu ya ce masa kawai, “An gama.” Da shekara ta zagayo Assu ya rasu. Tun daga nan babu wanda zai sha shayi da Bassu bai ji labarin hannun Assu ba, alhali shi kansa bai taɓa ganin aikin a gama ba.

Tuda ce ta gano inda ƙwaron ya ƙare. Ta gan shi a waya, cikin hotunan babban gidan tarihin halittu na birnin.

“Baba, motarmu sai bayan la'asar,” ta ce a ƙofar asibiti. “Mu je ka ga aikin Baffa Assu da idonka.”

Ya yi gunaguni a kan ƙafa da kuɗin tasi da mutanen birni, amma shi ya fara shiga motar.

Matsala ta farko a bakin ƙofa aka same ta. Matarsa Itto, da ta rako su ba da son ranta ba, ta zo da kwando, burodi ne a ciki da dafaffen ƙwai da zaitun, mai gadi kuwa, wani dogo mai gashin baki, ya ce ba a shiga da abinci.

“Ɗana, duk waɗanda ke ciki ba matattu ba ne?” Itto ta tambaye shi. “Wa zai ƙwace mini?”

“Doka ce, Hajiya. Zan ajiye miki shi kamar nawa.”

“Abin da nake tsoro ke nan. Ƙwai shida ne, na ƙirga.”

Suka shiga wani zaure da rufinsa ya fi na babban masallacin garinsu tsawo. Daga can sama an rataye ƙasusuwan wani kifi da tsawonsa ya fi na motar da ta kawo su, haƙarƙarinsa a buɗe, mutane na wucewa ta ƙarƙashi ko a jikinsu. Itto ta bi ta gefen bango tana salati, ta ce ita ba za ta baro Alnif lafiya ta zo kifi ya faɗo mata a tsakiyar birni ba. A gaban raƙumin dawa da aka cusa wa auduga ta tsaya ta daɗe, ta ce idonsa irin na marigayiya kakarta ne. Ta ga zaki, ta ga jimina, ta ga barewar da ta ce ta fi wadda suke gani a bayan gari ƙiba. Matar da ba ta so a zo ba, ita ce sai da aka riƙa janyo ta daga ɗaki zuwa ɗaki.

Bassu kuwa ba kallo yake yi ba, bincike yake yi. A gaban ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangare mai haƙora kamar wuƙaƙe ya goya hannu a baya ya zagaya sau biyu.

“Haƙoran nan daga wajenmu ne, Kem Kem,” ya ce. “Wannan ƙafar kuwa zubi ce, ba ƙashi ba.”

“Sun rubuta haka a allon, Baba.”

“To, masu gaskiya ne.”

Ɗakin duwatsu yana hawa na biyu. Ya huta sau biyu a matakala, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohuwar zugazugi, Tuda ta miƙo hannu ya ƙi kamawa. Da suka shiga ya ga jerin akwatunan gilashi cike da irin abin da ya ƙare rayuwarsa a kai, kowanne a kan ƙyallen karan-miski da fitilarsa. Abin da yake naɗewa a tsohuwar jarida ne aka shimfiɗa wa gado haka. A akwati na farko wani dutse ya ɗaure masa kai, bai san lokacin da ya lashi babban yatsansa ya shiga goga gilashin ba.

“Alhaji, don Allah.” Mai gadin nan ne, ya biyo su sama. “Ba a taɓawa.”

“Yawu ne kawai, ɗana. Da shi ake gani.”

“Gilashin kake jiƙawa, Baban Tuda,” Itto ta ce. “Dutsen yana ciki yana maka dariya.”

Mai gadi ya ciro hankici ya goge wurin yana danne murmushi. Bassu ya cusa hannun a aljihu.

Halittar tasa mai ƙayoyi tana can a tsakiyar ɗakin, ita kaɗai a akwatinta. Tun daga nesa ya gane ta, kamar yadda mutum ke gane ɗansa a cikin taro ta ƙeya. Ga tsagar da gudumarsa ta yi, ta ratsa ta bayan ido, ga mannin da ya yi da hannunsa. Ƙayoyi arba'in ɗin nan duk suna tsaye a iska, babu dutse ko ƙwaya a tsakaninsu. Idonsa ya ciko, bai ɓoye ba.

“Allah ya jiƙan Assu,” ya ce.

“Amin,” in ji Itto, tana kallon ƙasa.

“Sun rubuta sunan wani?”

“Alnif kawai suka rubuta, da yawan shekarunta,” Tuda ta ce.

Ya miƙa hannu baya cikin ƙoƙuwar jallabiyarsa, inda yake ajiye duk abin da ba ya son rabuwa da shi, ya ciro ƙaramin madubin ƙara girma. Ya nuna wa mai gadi, mai gadi ya gyaɗa kai. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa gilashin.

A Alnif ba a sa hannu a kan aiki, don ba a buƙata. Allura tana barin sawu a dutsen da ke kewaye da halittar, ƙananan layuka kamar kunyoyin gona, kuma kowane mai aiki da irin nasa. Bassu zai iya ɗaukar dutse a kasuwar Erfud ya gaya maka wanda ya yi shi da wanda ya koya masa. A dama ya ga nasa, dogaye, sun kwanta gefe ɗaya. Ya matsa da madubin zuwa hagu yana jiran na Assu, masu kauri da gaggawa, irin tonon kaza, don Allah ya jiƙansa guduma ce gwanintarsa.

Ba su ba ne. Waɗannan gajeru ne, sirara, a jere kamar ɗinki, kuma sun kwanta ta ɗaya gefen. Ya goge madubin a hannun rigarsa ya sake dubawa. Allurar da ta yi wannan da hannun hagu aka tura ta. Assu da dama yake ci, da dama yake buga guduma, da dama yake jifan akuya. A duk gidansu mutum ɗaya ne bahago, yarinyar da ya yi shekaru yana buge wa hannu a bakin kwanon miyar tajin har ta koyi ci da dama.

Ya ɗago a hankali. Tuda tana tsaye ta ɗaya gefen akwatin, ta damƙe maɗaurin jakarta da hannun hagu har jijiyoyi sun fito.

“Ƙaya ta bakwai daga ido,” ya ce. “An manne ta.”

“Karyewa ta yi, Baba. Kwana biyu ina kuka kafin in iya mayar da ita.”

“Shekararki nawa a lokacin?”

“Sha huɗu.”

Itto ta gyara mayafinta. “Dillali kullum yana ƙofar gida, kai kana kwance ba mu san ko za ka tashi ba. Assu ya gwada kwana ɗaya, ya ce shi idan ya ci gaba zai aske ta kamar ɗan suna. Shi ya taɓa kama yarinyar nan a bayan shago tana tonon tarkacen da kake zubarwa da allurar ɗinkina. Sai ya zaunar da ita. Ni nake zama a bakin ƙofa ina tsince wake don kada wani ya leƙo.”

“Shekara goma sha biyu kuna kallona ina ba mutane labari.”

“Ka dawo kamar kara, kana ta sa wa Assu albarka, ya ce a bari ka warke. Kafin a faɗa maka sai ya tafi. Bayan nan wa zai zo ya ƙwace wa mamaci yabonsa a bakin ɗan'uwansa?”

Ransa ya ɓaci, gaskiya ya ɓaci, amma ya nemi wanda zai sauke fushin a kansa ya rasa, sai kansa. Ya tuna maganar murza kuskus, kunya ta kama shi har wuya. A ƙarƙashin kunyar kuma akwai wani daɗi da ya fi ta ƙarfi, irin wanda yake ji idan baƙin layi ya fito a dutsen da ya kusa jefarwa.

Ya juya ga Tuda. “Ke kuma da na hana ki mabuɗi, me ya hana ki faɗa?”

“Da na faɗa da baki za ka yarda?” Ba ta sunkuyar da kai ba. “Kai dutse kawai kake yarda da shi. Shi ya sa na kawo ka.”

Mai gadi ya matsa can bakin ƙofa ya shiga duban rufi. Wasu 'yan makaranta suka shigo da malamarsu, suka kewaye akwatin suna ƙirga ƙayoyi da ƙarfi, suka yi gaba. Bassu ya sake sunkuyawa da madubinsa, ya daɗe a kan ɓangaren hagu.

“Ya fi nawa,” ya ce. “Ba da yawa ba. Amma ya fi.”

“A rubuta wannan a allo,” Itto ta ce. “Shekara talatin ban taɓa jin ta a bakinsa ba.”

“Lahsen fa, Baba? Ka yi masa alkawari.”

“Zan ɗauki curin sukari in je gidansa in ba shi haƙuri. Zai yi fushi mako guda, ya ce tsufa ya taɓa ni. In ya ga dama ya zo Rabat ya duba.” Ya yi tari, ya jira numfashinsa ya dawo. “Amma da sharaɗi. Takunkumi a hanci kullum, taga a buɗe. Huhu ɗaya ya ishi dutsen nan a gidanmu.”

Mabuɗin yana rataye a wuyansa da zaren ulu. Hannunsa na rawa, zaren ya maƙale a rawaninsa, sai da Itto ta taimaka ya fita. Ya miƙa. Tuda ta rusuna kaɗan ta kawo hannun dama, kamar yadda ya koya mata tun tana ƙarama a karɓi abu daga babba.

Bassu ya janye mabuɗin.

“Ba wannan ba,” ya ce. “Miƙo ɗayan.”