Goggo da Motar Kamfanin Sabulu

Shekara tara Goggo tana share gidan fasaha da ke tsakiyar gari, kuma ba a taɓa neman ra'ayinta a kan komai ba sai in makulli ya ɓace. Kowa Goggo yake ce mata, daga manaja har maigadi.

A farkon shekarar wata gidauniya ta ɗauki nauyin ajin zane da ginin yumɓu na ranar Asabar, kyauta, domin yaran unguwannin bayan gari. Aka sayo fenti da burushi da takardu, aka jera kujeru talatin a ɗakin sama, aka ɗauki malami. Wata uku ana buɗe ƙofa, yara huɗu ne kawai ke zuwa, biyu daga cikinsu ma 'ya'yan manaja ne.

Ranar da wakilin gidauniyar ya zo, Goggo na goge tagogin ɗakin. Ya ce wa manaja tunda yaran ba su da sha'awa, ƙarshen wata mai zuwa za a mayar da tallafin wani wuri. Manaja ta sunkuyar da kai. Goggo ta matse tsumma a bokiti, ta juyo wajensa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ka taɓa zuwa bayan gari?"

Ya waigo yana neman mai maganar. "Ban taɓa ba, Baba."

"To ni can nake. Mota biyu nake shiga kafin in iso nan, biyu in koma. Uwar da ke fama da abin da za a ɗora a wuta ba za ta ba yaro kuɗin mota huɗu don ya zo ya zana kyanwa ba. Sha'awa kuwa, je ka ga bangon layinmu. Babu inda gawayi bai taɓa ba."

Wakilin ya yi ɗan murmushi. Ya ce ƙa'idarsu kayan aiki da albashin malami ne kawai, ban da sufuri.

"In na samo mota fa?"

"In kin samo, sai mu sake zama."

A hanyar gida ta yi ta juya maganar, har ta tuna da autansu. Direban bas ne a kamfanin sabulun da ke daf da unguwarsu. Kowace Asabar da safe yakan kwaso ma'aikata daga cikin gari ya sauke su a kamfani, ya koma gareji cikin gari ba kowa a motar. Da azahar ya sake fitowa wayam don ya kwashe su. Garejin kuwa layi biyu ne tsakaninsa da gidan fasaha.

Ta same shi a ƙofar gida yana wanke takalmi, ta ce so take ya riƙa ɗaukar yaran unguwa duk lokacin da motar ke tafiya ba kowa.

"Yaya, so kike a kore ni? Motar mutane ce fa."

"Wa ya ce ka sata? Wa ke ba da izini?"

"Shugaban sufuri. Mutumin da ko gaisuwa sai ya duba takarda kafin ya amsa."

"To gobe ka kai ni."

"Ni dai ban san ki ba in mun shiga."

"Ni da na goya ka har bayana ya ƙage? Za ka san ni."

Zuwan farko aka ce shugaban yana taro. Na biyu ta zauna a benci tun hantsi har la'asar, ya fita ta wata ƙofa. Na uku ta tsaya a gefen motarsa a wurin ajiye motoci, ba ta gusa ba sai da ya fito. Ya saurare ta yana kaɗa makulli a yatsa, sannan ya ce ba mugunta ba ce, inshorar motar ma'aikata kawai ta rufe. In wani abu ya sami yaro a hanya, wa zai ɗauka?

Goggo ba ta san yadda inshora take ba, ba ta kuma ɓoye ba. Ta ce ya yi mata bayani kamar yana yi wa kakarsa. Ya yi dariya, ya jingina da motar, ya yi mata dalla-dalla. Ana iya faɗaɗa ta ta haɗa da yara, amma kamfani ba zai biya ba. Kuma dole a sami babba a motar, da sa hannun iyayen kowane yaro.

"Rubuta mini wannan a takarda, da hatiminka."

Washegari ta ajiye takardar a teburin manaja. Manaja ta karanta sau biyu, ta ɗaga waya ta kira wakilin gidauniyar. Wakilin ya sake maimaita ƙa'ida. Goggo ta miƙa hannu aka ba ta wayar.

"Ranka ya daɗe, mota ta samu, direba ya samu, mai kuma na kamfani ne. Fentin da kuka saya yana nan a kwali, ko buɗe rabinsa ba a yi ba, kuma an ce za a ƙaro wani. Ku bar ƙarin, ku biya inshorar. Fenti ba ya shafa kansa."

Wakilin ya ce zai kai maganar gaba, amma bai yi alkawari ba.

Ba ta jira amsarsa ba. Kullum in ta taso daga aiki sai ta bi gida gida da takardun sa hannu a jakar leda. Wasu suka sa nan take. Wani tela ya ce 'yarsa na taya shi ɗinkin maɓalli ranar Asabar, zane ba ya ciyar da kowa. Goggo ta nuna masa rigar da ke rataye a bayansa.

"Wannan furen na wuya, wa ya zana maka kafin ka ɗinka?"

Ya sosa ƙeya. "Ita ce."

Ya sa hannu, da sharaɗin ta dawo kafin la'asar. Gidaje da dama kuwa suka ƙi sam, ta yi musu sallama ta wuce.

Kwana goma sha biyu sannan amsa ta zo. An amince, gwaji na wata uku.

Asabar ta farko yara goma sha ɗaya suka shiga motar. Goggo ta zauna a kujerar gaba da rajista a cinya, tana kiran suna kamar malamar makaranta. Autan ya tuƙa a hankali har masu keke na wuce shi. Malamin zane da ya ga sun shigo ɗakin sai ya rasa ta inda zai fara, ya raba takardu har sau biyu. 'Yar tela ta daɗe tana riƙe da burushi ba ta tsoma ba, sai da ta tambaya ko in ta ɓata takardar za a ce ta biya. Aka ce a'a. Ta ɓata uku, ta huɗun ta cika ta da furanni har gefe.

Asabar ta huɗu sun kai ashirin da uku. Wakilin ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa, wani yaro ya goga masa shuɗin fenti a hannun riga bai ma lura ba. Kafin ya tafi ya tambayi Goggo ko akwai wani kamfani kusa da sauran unguwannin. Ta ce akwai na katifa, ta riga ta gano sunan direbansu.

Ranar Litinin ta sami bututun wurin wanke hannu ya toshe da yumɓu, ruwa ya malale har bakin matakala. Ta naɗe hannun riga, ta aika a kira mata malamin zane.

"Malam, daga yau a bokiti za su riƙa wanke hannu. Kuma kowa ya goge teburinsa kafin ya hau mota, in ba haka ba ni da kai ne."

Malamin ya ce to, ya karɓi tsumma ɗaya, suka fara daga bakin ƙofa.