Dutsen da Ke Bayan Ayu

Talata. Zafi tun hantsi, kogi ya ja baya, iska babu.

...wai tsohon littafi ne. Littafi a cikin waya! Yaya Seyni, da kana raye da ka yi tsaki. 'Yata ta cikina, Bibata, ita ce ta kawo mutumin daga Tilaberi. Hassumi sunansa, mai tabarau. Ɗan gidan wa? Bai faɗa ba.

Yana murza gilashi da yatsa, dabbobi suna wucewa. Dorina. Kada. Gauraka. Wani Bature ne ya zana su da hannu zamanin kakanni, aka kulle a ƙasarsu, yanzu an ɗauki hoton kowane shafi, kowa ya kalla kyauta. Kyauta... wa ya taɓa ba mu abu kyauta?

Sai ga ayu.

Kwance a kan yashi, baki a sake. Matacce ne. Mai rai ba ya tsayawa a zana shi.

Bibata ta ce, "Baba, kai ka san inda suka rage. Ƙirga su kawai zai yi, don a tsare su."

Na ce, "Ci dambunki, malamar makaranta, yana hucewa."

Ƙirga! Masu sayen kitsen ayu ma da sallama suka zo.

Gurbin nan na ayu, can cikin kogi, ba a ambatonsa a tudu. Ka tuna? Babanmu ya tsayar da jirgi, ya jiƙa mana leɓe da ruwan wurin, ya ce bakin da ya sha ba ya faɗa. Ban faɗa ba. Ko matata Gambi, har na binne ta ban gaya mata ba.

To amma bayan ayun, a cikin zanen... dutse. Mai tsaguwa a ka, tsibiri a hagunsa. Namu ne, Yaya. Dutsen gurbinmu, a tafin hannun duk mai waya.

Ga wani ɗan mutum a tsaye gefensa da mashi. Ɗaurin igiyar mashin — na gidanmu ne. Wa ya kai Bature can? Kaka Jibo? Butar tagullar nan da ya bari, wadda ba wanda ya san inda ya samo ta... a'a. A'a. To wa?

Hassumi ya buɗa yatsu biyu, dutsen ya cika gilashin. Hannunsa ne ya zame? Ba gilashin yake kallo ba, fuskata yake kallo. Na ƙifta? Na haɗiye yawu? Bibata ta san fuskata, tun tana goye take karanta ta...

Shekaru ina gadin ƙofa, ashe ɗakin ba shi da bango.

Laraba da safe na tura jirgi ni kaɗai. Da gangan na yi ƙasan kogi, gurbin yana sama. A hankali nake tuƙi, a fili, yadda duk mai son bina zai samu. Na wuce ciyawar burgu, na waiga.

Ba kowa.

Sun haƙura ne... ko ba sa buƙatata?