Rami Shida, Harsashi Biyar

"Baba, ko kallo ka yi musu mana," in ji Zamani. Yana durƙushe a bakin gado, tafin hannunsa a buɗe.

Saje Yona bai juyo ba. Ya ba mu ƙeya, ya zuba wa bango ido kamar an rubuta masa wasiƙa a jikin siminti.

Ni kuwa ina bakin ƙofa da kwanon kunun gyaɗa, wai na kawo wa mara lafiya. Kunun dai na gaskiya ne, amma ba zan ɓoye muku ba, sai da na hango yaron ya sauka daga babur da kakinsa sabo fil sannan na ɗora tukunya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu a unguwar Sauka Kahuta, shekara ashirin ke nan, kuma katangar ba ta da tsawo. Ba laifina ba ne idan magana ta tsallako.

Abin da ke hannun Zamani kwanson harsashi ne guda biyu, waɗanda aka riga aka harba. Ɗaya dogo mai baki kamar hula, ɗaya gajere. Yaron ya gama horo, an ba shi sufeto, an turo shi nan Minna. Mai kula da ɗakin makamansu, wani tsoho Ndanusa, abokin Saje ne tun suna kurata. Shi ya ce masa ƙananan bindigogi biyu suka rage a hannunsa: tsohuwar libarba mai rami shida, da sabuwar fistol mai cin harsashi goma sha uku. Ya ce ya je ya tambayi ubansa wadda zai ɗauka, ya dawo masa da amsa ran Litinin. Wai harsashin ɗaya sunansa talatin da takwas, na ɗayan tara. Na ce to ai talatin da takwas ya fi yawa, a ɗauke shi mana. Zamani ya ce, "Goggo Bintu, ba haka lissafin yake ba."

Ndanusa ba yaro ba ne. Ya san bindigar da ta dace da sabon sufeto ba sai ya tambayi kowa ba. Dabara ce ya yi, don duk wanda ya san gidan ya san shekara biyu ke nan Saje bai ce wa ɗansa ko ci kanka ba. Tun ranar da yaron ya ajiye alli a makarantar firamare, ya cike takardar shiga ɗan sanda a ɓoye, uban ya kulle baki. Idan Zamani ya gaishe shi, sai ya dubi kaza. Mutumin da ya yi shekara talatin cikin kaki, ga hotonsa da igiya uku a bango, amma ɗansa ya gaje shi ya zama laifi! Na juya wannan magana a kaina har na gaji, na juya ta a gidan biki da gidan suna, ban samo kanta ba.

Yanzu ga shi asibiti sun ce a mai da shi gida. Ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi, ido ya yi ruwan ɗorawa. Matarsa Rose ta gane abin da ake nufi da a mai da shi gida. Zamani ma ya gane.

"Baba, ran Litinin zan ba da amsa," ya sake cewa. Sai ya ajiye kwansunan a kan kujerar da ke gefen gado, tsakanin kwalbar magani da Littafi Mai Tsarki, ya fita tsakar gida yana share fuska da hularsa. Ran Juma'a ke nan.

Ran Lahadi da hantsi Rose ta leƙo ta kan katanga. "Bintu, zan je coci a yi masa addu'a. Ki zauna mini da shi."

Na same shi a jingine da filo, kwansunan nan biyu a hannunsa, yana murza su. Da ya gan ni ya tura su ƙarƙashin zane.

"Rediyo mai jini," ya ce, muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. "An buɗe tasha?"

"An buɗe, Saje. Labarin farko: wani tsoho a Sauka Kahuta taurin kai zai kai shi kabari kafin ciwo."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na ba shi ruwa. A tsakar gida ana yayyafi, Zamani na zaune a kan turmi ƙarƙashin rumfa, dab da taga, yana goge takalmin da ya riga ya goge tun safe.

"Sabuwar doya ta shigo?" in ji Saje.

"Ta shigo. Kasuwa ta cika."

"Bana ban kai ba."

Ni da bakina, ko a gaban mutuwa ba ya hutawa. Na ce, "Ayyo! Amarya za ta yi fushi."

Bari in gaya muku wace ce amarya. Kowace shekara, da sabuwar doya ta fito, Saje kan ɗaura manya goma a bayan kekensa ya kai wa wata Bafulatana mai sayar da nono a gindin mangwaron babbar kasuwa, ana ce mata Altine. Ni na fara gani. Ni na bi shi a baya da mayafi a fuska har na ga inda ya sauke. Ni kuma na kai wa mata a bakin famfo, kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa Saje Yona, dattijon coci, yana da daduro a rumfar nono. Rose ta yi wata uku ba ta yi mini magana ba, daga baya ta gaji ta dawo aron rariya. Shi kuwa bai taɓa musawa ba. Shekara goma sha bakwai ina cin wannan labari kamar goro.

Saje ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya ɗaga murya yadda za ta kai taga.

"Bintu, tunda aikinki ne kai magana, yau zan ba ki wadda za ki kai. Ki gaya wa wancan mai kakin ya shigo."

Ban ko motsa ba sai ga Zamani a bakin ƙofa, burushi a hannu.

"Ki gaya masa ya zauna."

"An ce ka zauna," na ce. Ya zauna a ƙasa.

"Ki gaya masa, lokacin yaƙi, ina kofur, an sa mu tsare hanya wajen gari. An ce mana kowa abin zargi ne. Bindigata doguwa ce, harsashi na bakinta, yatsana na kan kunama tun asuba. Sai ga wani Bafulatani da shanu bakwai, matarsa na biye da ƙwarya a ka. Na ce ya tsaya. Ya tsaya. Na tambaye shi daga ina, ban sani ba ko ya ji Hausata ko bai ji ba. Sai ya cusa hannu cikin riga da sauri."

Ya ja numfashi da ƙyar. Ruwan ya ƙaru a kan kwano.

"Ki gaya masa su Fulani a lokacin nan, in sun ga kaki, abu ɗaya suka sani: jangali. Takardar harajin shanu a ɗan zabiran fata suke sa ta, su rataya a wuya, cikin riga. Ni ɗan manomi ne, ban sani ba. Da muka juya gawarsa, takardar na hannunsa. Ya biya. Har da hatimi."

Ban kai wannan maganar ba.

"Jafaru sunansa. Matar ita ce Altine. Aka rubuta cewa wuƙa ya zaro, ni kuma na yi shiru, aka rufe magana." Ya juyo da idanun nan masu ruwan ɗorawa kaina. "Amaryar taki ke nan, Bintu. Shekara goma sha bakwai ina ajiye mata doya, ba ta taɓa ce mini sannu ba, ba ta taɓa ce mini tafi da abinka ba. Da kika ce daduro ce, sai na ga ya fi sauƙin ɗauka. Na bar miki."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Na ja mayafi na rufe fuska, ni Bintu da ba a taɓa gani na rasa ta cewa ba.

Saje ya laluba ƙarƙashin zane ya fito da kwansunan. Ya ɗaga gajeren.

"Ki gaya masa wannan, mai goma sha uku, ta samari ce. Tana da sauri."

"Baba, saurin ake nema," in ji Zamani. Ya manta ta bakina ake magana. "'Yan fashin hanyar Tegina manyan bindigogi gare su. Watan jiya sun kashe mana mutum biyu. Shida me za ta yi mini?"

"Ba shida ba. Biyar."

"Biyar?"

"Da aka ba ni saje aka ba ni libarba, ban taɓa cika ta ba. Ramin da zai fara zuwa in ka ja kunama, ka bar shi fayau. In tsoro ya ja maka yatsa, sai ka ji ƙyas, ba komai. Kafin ka ja na biyu idonka ya ga abin da ke hannun mutum."

"In kuma ɗan fashi ne? Kafin in ja na biyun ya gama da ni."

Saje ya rufe ido. Na zaci ya gaji ne, ashe hawaye ne ke bin gefen kunnensa.

"Na sani," ya ce. "Shekara biyu ina wannan lissafi. In na ce ka cika ta, ina tsoron ka zama ni. In na ce ka bar rami, ina tsoron uwarka ta binne ka. Shi ya sa na rasa abin da zan ce maka. Ba fushi ba ne, ɗana. Rasa ta cewa ce."

Ɗana. Ba ta bakina ya bi ba. Kai tsaye ya faɗa, yana kallonsa.

Zamani ya ja gwiwa ya matso, ya kifa goshi a kan katifa. Uban ya ɗora masa hannun nan mai kumburi a ka, ya yi ta magana da yarensu a hankali. Ba na jin yaren, kuma karo na farko a rayuwata ban so in ji ba. Na ɗauki kwanon ruwa na fita, na tsaya cikin yayyafi kamar wadda ta manta hanyar gidanta.

Ran Litinin da safe Zamani ya tafi wajen Ndanusa. Da azahar ya dawo, ya shiga ɗaki da abu a ƙugu cikin kube na fata. Ina tsakar gida ina taya Rose tsintar shinkafa, na ji Saje ya ce, "Buɗe in gani." Na ji ƙarar ƙarfe. Na ji ya ce, "To." Wannan ce kalmar ƙarshe da na ji daga bakinsa. Ran Talata, ana kiran la'asar a masallacin bakin titi, Rose ta fito ta tsaya a ƙofar ɗaki, ta kwance ɗankwalinta ta riƙe a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ni na yi mata.

An binne shi ran Alhamis. 'Yan coci sun yi waƙa, tsofaffin 'yan sanda sun zo da lambobinsu a ƙirji, Ndanusa ya yi ta fyace hanci yana cewa mura ce. A wajen zaman makoki wata maƙwabciyarmu, Rekiya, ta matso ta zungure ni. "Goggo, amaryar rumfar nono ba ta zo gaisuwa ba?"

"Rufe mini baki," na ce. "Ni na ƙirƙiro, kuma ƙarya na yi." Ta bi ni da kallo kamar na yi sabon kai. Ta so in ƙara, ban ƙara ba. Shekara da shekaru ban ƙara ba. Yanzu da Rose ta bi mijinta, Altine ma ƙasa ta rufe mata ido, shi Zamani da kansa ya ce in faɗa.

Kwana bakwai da rasuwar Saje, Zamani ya yi mini sallama da safe, cikin kaki, ya jingina keken ubansa a ƙofata. Doya goma a baya, ɗaure da roba.

"Goggo, ban san inda take zama ba."

"Ni na sani," na ce. Ai kuwa na sani.

Muka tafi a ƙasa, yana tura keke, ina biye ina tsallake taɓo. Aljihun rigarsa na hagu ya ɗan yi nauyi, wani abu ƙarami na zaune a ciki kamar ƙwallon dabino. Ban tambaya ba, amma na yi lissafi: rami shida, harsashi biyar.

Altine na gindin mangwaro, ta tsufa, ta bushe kamar kara, ƙwaryarta a gaba da faifai a kai. Ta dubi keken, ta gane shi. Ta dubi wanda ke tura shi. Idonta ya sauka kan abin da ke ƙugunsa, ya tsaya a nan.

Zamani ya cire hula, ya durƙusa. "Inna, babana ya rasu."

Ya kwance robar, ya jera doyar a gefenta ɗaya bayan ɗaya, yadda na ga uban yana yi. Matan da ke kusa suka daina ciniki. Ya gama, ya miƙe zai juya keke.

Sai ta ɗaga faifai. Ta kori ƙuda da bayan hannu, ta ɗauki ƙaramin ƙoƙo ta ɗauraye, ta zuba nono ludayi biyu. Ba ta miƙa masa ba, ba ta kuma dube shi ba. Ta ajiye ƙoƙon a ƙasa, tsakanin doyar da takalminsa, ta mai da faifai ta rufe ƙwarya.