Darar Katako

A Lolo, in ka ji ihu ya tashi daga gindin ceɗiyar bakin kasuwa bayan la'asar, kada ka gaji da kanka wajen zuwa rabo. Ba faɗa ake ba. Arzika ne ya ci wani a dara, yana kuma gaya masa cewa kansa bai da amfani sai ɗaukar hula.

Arzika Basarke ne, tsohon masunci. Ya bar wa 'ya'yansa jirgi da taru, ya hau tudu, abin da ya rage masa a duniya shi ne gurabe talatin da ake haƙawa a rairayin gindin ceɗiyar nan. Shi yakan ɗauki tsakuwa, abokin wasa ya ɗauki tsinken kara, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Wasan ke nan, amma rabin daɗinsa a baki yake. Bunyaminu mahauci, wanda ya fi kowa shan kashi a hannunsa, ba ya tashi sai ya rama da harshe.

"Warin kihinka ka ruɗa mutane, tsoho, ba iyawa ba ta!"

"In wari ka cin dara, ai da kai as sarkinta," in ji Arzika.

A kwashe da dariya. Wannan zagin shi ne abincinsa, ya fi tuwon Barira matarsa yi masa daɗi, ko da yake bai taɓa gaya mata ba.

Barira kaɗai ta san idon Arzika ya tafi. Abin ya fara kamar hayaƙin ɗanyen itace, ya yi ta kauri har ya zama rana da inuwa kawai yake bambancewa, mutum kuwa sai dai duhu mai motsi. Bakin Kwara ya cinye idon masunta da yawa, kuma Arzika ya san inda suke ƙarewa. A shimfiɗa maka tabarma a zaure, a gaishe ka da murya mai taushi, a wuce. Ba wanda ke zagin makaho, ba kuma wanda ke neman kayar da shi. Mutuwa ba ta ba Arzika tsoro kamar yadda wannan tabarmar take ba shi.

Don haka shi da Barira suka rufe maganar. Barira tana ajiye takalmi da buta wuri guda kullum. Hanyar ceɗiya ƙafarsa ta san ta. Dara kuwa, ai a ƙasa ake yi. Duk sanda abokin wasa ya yi tafiya, sai Arzika ya shafa gurabe da tafin hannu kamar mai gyara rairayi, nan take ya san ina tsinke, ina tsakuwa, ina gurbi ba kowa. Mutane sun ɗauka wulaƙanci ne, wai yana share ƙazantar da ka yi. Har samari sun fara kwaikwayonsa.

Sai shekarar 'yanci ta zo. Mai gari ya ce a yi biki, a yi kokawa da tseren jirage, masu dara su ma su kara a ga gwani. Adeyemi kafinta, Bayaraben da ya daɗe a Lolo har yana cewa "awo" maimakon "e" kamar ɗan gari, yana son dara ko da yake ba ta son sa. Shi ya ga bai kamata a yi darar ranar 'yanci a ƙasa ba. Ya goge katako ya yi sumul, ya ja layuka da fenti, ya yanka 'ya'ya masu faɗi duk girma ɗaya, rabi kore rabi fari, kalar sabuwar tuta. Ba da mugunta ya yi ba. Da ma da mugunta ne, da an san wanda za a zaga.

Jajibirin biki ya ɗauko shi har ƙofar gidan Arzika.

"Baba, kai za ka fara gani."

Arzika ya ɗora hannu. Ba gurbi, ba tudu, ba komai da yatsa zai kama. Ya ɗauki ɗa guda, ya ɗauki wani, ya murza su. Duk ɗaya.

"Ya yi kyau," ya ce. "Amma ƙasa mi tay yi muna?"

"Haba Baba, ranar 'yanci kuma a zauna cikin rairayi? Ka ga koren nan yadda ya fito?"

"Na gani."

Da Adeyemi ya tafi, Barira ta fito daga bayan zana inda take saurare.

"Maigida, ka ce masassara ta. Ni kaina in gaya musu."

"Ma'azu na tahe tun daga Madekali. In ce mai masassara?"

"Ka ce mai komi. Kwana guda na."

"In ban tahi ba, Bunyaminu na iya ba ni labarin tsorona har kushewa."

Ta san ba a raba shi da abin da ya sa a gaba. Shi ma ya san gaskiya gare ta. Girman kai ne ya ɗaura masa rawani washegari, ba wani abu ba.

Ma'azu Badende ne daga tsallaken iyaka, ƙasar Dahome, wadda ita ta rabu da Faransawa tun da damina. Tun suna samari suke karawa da Arzika, duk ranar kasuwar Lolo. Shi kaɗai ke cin Arzika, shi ma ba kullum ba. Suna da wata al'ada tsakaninsu: in wasa ya yi zafi, Ma'azu yakan fasa goro, ya miƙa wa Arzika rabi ba tare da ya ce uffan ba, Arzika ya karɓa bai ɗago kai ba. Tun da ido ya tafi, ƙarar fasawar ce ke gaya masa ya miƙa hannu.

Ranar biki gari ya cika, har da mutanen Illo da na Geza. An ɗora katakon bisa turmi a kife, an sa kujeru biyu. Dokar mai sauƙi ce, wanda ya ci ya zauna, wani ya zo. Arzika ya samu wuri a gefe yana jin ƙwas, ƙwas na 'ya'yan katako, yana addu'ar wani ya kayar da Ma'azu, ko hadari ya taso, ko a yi gobara a rumfar wani. Ba abin da ya faru. Ma'azu ya kori kowa ɗaya bayan ɗaya, Bunyaminu ma bai ɗumama kujera ba.

"Ina Basarken?" Ma'azu ya ɗaga murya. "Ko ya ji labarin mu mun riga ku 'yanci, yas san mun riga ku wayo?"

"Ga shi nan ya takure kamar kazar da ruwa yad doka," in ji Bunyaminu. "Tashi, tsoho!"

Arzika ya tashi. Ya bi murya har ya taɓa kujera da gwiwa, ya zauna.

"Ɗan Faransi, yau sai ka koma gida da ƙahwa, don kunya ba ta shiga jirgi."

Aka yi ihu. Aka zuba masa farare a hannu.

Farkon wasa, lokacin da kowa ke kasa 'ya'yansa, ya tafi da wuya amma ya tafi. Arzika yana bin inuwar hannun Ma'azu da inda ƙarar ta sauka. In zai sa nasa, sai ya auna daga bakin katako da ɗan yatsa, ya riƙe sauran a ka. Gumi ya jiƙa masa rawani. Bai yi zagi ko guda ba, don ba shi da sauran wuri a kai da zai ajiye zagi. Sau ɗaya ya manta ya kai tafin hannu zai shafa, 'ya'ya suka zame, mutane suka yi ca, Adeyemi ya durƙusa ya mayar da kowanne wurinsa. Daga nan Arzika bai ƙara tabbatar da komai ba.

Duk da haka shi ya fara jera uku. Ya ji jama'a sun ce "kai!", ya miƙa hannu kusurwar da ya san koren Ma'azu yake, ya ɗauke, ya ɗaga sama.

Dariyar da ta fashe sai da tsuntsaye suka bar ceɗiya.

"Ya ci nashi! Jama'a, Arzika ya ci ɗanshi!" Bunyaminu har da bugun cinya.

"Sadaka ta," in ji Arzika. "Baƙo yaz zo daga nesa."

Aka ƙara dariya, kuma wallahi dariyar ta yi masa daɗi. Ya ce a ransa, in a haka aka tsaya, a ce tsufa ne, a ce ya ruɗe, a yi ta yi masa ba'a shekara guda, ya gode wa Allah.

Amma makaɗan kokawa sun matso kusa, ganguna sun cika wurin. Ma'azu ya ga wasa ya yi zafi, ya ciro goro ya fasa. Arzika bai ji ba. Ma'azu ya miƙa rabi kamar kullum, hannun ya tsaya daidai fuskar Arzika, a gaban idanunsa da suke buɗe. Arzika yana kallon gaba, yana tunanin tafiyarsa ta gaba. Hannun ya daɗe a wurin. Ma'azu ya ɗan kaɗa shi hagu, ya kaɗa dama.

Shirun jama'a Arzika ya fara ji. Shirun ya fara daga kusa, ya yi baya, har ya zama ganguna kaɗai ke magana. Sannan ƙanshin goro ya zo masa. Ya gane. Ya kai hannu da sauri, ya kama iska, ya sake kaiwa, sai Ma'azu ya kama hannun nasa a hankali ya sa masa goron a tafi, ya naɗe masa yatsu a kai.

Bunyaminu ya ce, "Inna lillahi," can ƙasa-ƙasa.

Da an tashi a nan, da da sauƙi. Amma Ma'azu mutumin kirki ne, kuma kirkin nan ne ya ƙarasa Arzika. Ya fara faɗin tafiyarsa da ƙarfi, wai kamar mai tunani a fili. "To, bari in kai wanga layi na biyu, gurbi na ukku." Sai kuma ya fara yin tafiyar da ko mai koyo ba zai yi ba. Ya buɗe wa Arzika doki, wato inda ɗa guda zai riƙa kai da komowa yana jera uku kowace tafiya. Ma'azun da ya yi shekara da shekaru bai bari an kafa masa doki ba.

Arzika ya sunkuyo, ya rage murya.

"Ma'azu, don girman Allah ka ci ni."

"Ai kai ka cina, Basarke."

"Ƙarya kakai. Ka ci ni, ka yi man dariya, ka tahi gida."

Ma'azu ya girgiza kai.

"Ban iyawa."

In Arzika ya miƙa hannu zai ci, sai ya ji an riga an turo masa kore ƙarƙashin yatsa. Haka ya cinye wasan. Aka tafa a hankali, irin tafin da ake yi don kada a ce ba a yi ba. Kyautar gwani kuwa, don abin ya cika, fitilar ƙwai ce sabuwa. Adeyemi ya miƙa masa yana ta ba da haƙuri, shi ma bai san na mene ne ba. Arzika ya ƙi kowa ya raka shi. Barira ta karɓi fitilar a ƙofa ba ta tambayi komai ba, ta kai ta bayan randa.

Washegari bayan la'asar ya nemi takalminsa.

"Maigida, ka huta yau."

"Katako ya koma shagon mai shi. Yau ƙasa ta."

Da wannan ɗan fatan ya fita. A ƙasa ba ya bukatar ido, kowa ya shaida, ai shekaru yana cin su a haka. Zai zauna ya ci Bunyaminu, Bunyaminu ya zage shi, komai ya koma yadda yake.

Ya tarar an shimfiɗa masa tabarma, shi da ya saba zama a rairayi. An haƙa gurabe da zurfi fiye da kullum. An tara masa tsakuwarsa a gefen dama.

"Sannu da hitowa, Baba Arzika," in ji Bunyaminu. Bai taɓa kiransa Baba ba.

Suka kasa. Arzika ya shafa, ya ji komai sarai, tsinke da tsakuwa, kamar an mayar masa da ido. Ya ci wasan farko cikin sauri, saurin da ya yi yawa. A na biyu sai ya yi gwaji. Da gangan ya janye tsakuwar da ke tare hanya, ya bar wa Bunyaminu ci a fili, wanda ko akuya za ta gani. Ya ji mahaucin ya yi jim, ya ja numfashi. Arzika ya shafa. Bunyaminu ya motsa wani tsinke can nesa, ya bar cin.

"Kai dai jaki na," in ji Arzika. "Jakin ma na Dahome, wanda anka sai da arha. Kanka bai da amfani sai ɗaukar hula."

Ya jira. Ya jira warin kifi, ya jira tsohon banza, ya jira ko da tsaki ne.

"Gaskiya na, Baba," in ji Bunyaminu. "Kai ag gwani."

Ba wanda ya yi dariya. Wani daga baya ya ce Allah ya ba da lafiya, aka amsa da amin.

Ba fushi Arzika ya ji ba, baƙin ciki ne zalla, irin wanda ba a samun wanda za a ɗora wa laifinsa. Duk suna son sa, shi ya sa babu sauran mai wasa da shi a Lolo. Ya sa tafin hannu ya shafa gurabe kamar yadda ya saba, sai dai wannan karon ya danna, rairayi ya rufe su, tsinke da tsakuwa suka haɗu.

Hanyar gida ƙafarsa ta san ta, ba a taɓa kama masa hannu a kanta ba. Ya miƙa hannu sama.

"Wa ka kai ni gida?"

Duk suka tashi a tare.