Waƙar Tuban Bawa Direba

Bai gama taka birki ba ya ji sunansa na fitowa daga aljihun jami'in da ke tsaye a shingen Magama.

"Bawa mai jar mota, dodon kan iyaka,
ana barci ka wuce da buhu arba'in!"

"Innalillahi," in ji Bawa, ya kifa goshi a kan sitiyari. Fasinjojin da ya ɗauko daga Maraɗi suka ja tsaki tare, don sun san sauran zancen. Aka sauke komai. Aka ɗaga kujeru, aka ƙwanƙwasa ƙofofi, aka leƙa har cikin tayar safaya. Awa biyu cur, ba a samu ko ƙwayar shinkafa ba.

"Wallahi yau sai na kai ƙararka tasha," in ji Hajiya Ummusalma mai atamfa, tana ɗaure ƙullinta. "Kullum a motarka sai an zazzage mu kamar ɓarayi."

Ta kuwa kai. Shugaban tasha bai ko ɗago kai daga kwanon furarsa ba ya yanke hukunci: in Bawa ya sake makarar da fasinja sau ɗaya, an cire shi daga layi.

Abin haushin, tsohon laifi ne. Shekara huɗu da suka wuce, ranar sunan ɗiyarsa, Bawa ya gayyato Isah mai kukuma daga Riko. A lokacin fasa-ƙwauri yake da gaske, kansa na hayaƙi. Isah ya wasa shi, shi kuma ya yi ta liƙi har ya cire hularsa ya ba shi. Wani ɗan biki ya ɗauka a waya. Tun tuni Bawa ya tuba, ya koma jigilar mutane da takardunsa cif. Sai bana wani marar aikin yi ya ɗora waƙar a manhajar sauraron waƙoƙi, ta ko kama. Kwastan na ji, takwarorinsu duwan na Nijar na ji, har jandarma da ba su cika dariya ba suna gyaɗa kai. Don baƙin ciki Bawa ya rabu da babbar wayarsa ya koma 'yar rakani-kashi mai madannai, ya riƙa wa'azi a tasha cewa waya annoba ce. Direbobi su bar shi ya kai aya, sannan su amsa masa da "buhu arba'in!"

Ranar Lahadi ce, kasuwar Jibiya ta cika. Bawa ya tarar da Isah a gindin bedi bayan 'yan tumaki, yana goga ƙaro a izgar kukumarsa.

"Baba Isah, ka kashe ni. Don Allah ka sa a cire waƙar nan."

"In cire ta daga ina, ɗana? Ni da ko wayar ban da ita?" Tsohon ya tofar da tuƙar goro. "An ce mani har Yamai ana jin ta. Kai da na yi wa, ka ba ni hula. Su fa? Da can mai son waƙa sai ya zo ya zauna, ya dube ni ido da ido, ya miƙo abin da ya sawwaƙa. Yanzu kowa ya sa ni a aljihu yana yawo da ni. Ko biki an daina kira na, wai ai suna da ni."

Bawa ya ji kunya ta kama shi, don shi kansa kafin abin ya zame masa bala'i ya saurare ta ya fi sau ɗari, ko sannu bai aika ba.

"To yanzu ya za a yi?"

"Bakin da ya ɓata ka shi zai gyara ka. Muje in yi maka ta tuba a gabansu. Amma da sharaɗi: ba waya. Mai ji ya ji da kunnensa."

"Ai ka zo gidan!" Bawa ya daka tsalle. "Ni ne shugaban masu ƙin waya!"

Da azahar ya yi lodin Maraɗi, ya matsa tsohon a baya tsakanin buhun barkono da wani mai ƙiba. A shingen Magama, kafin jami'in ya buɗe baki, Bawa ya fito yana "Ranka ya daɗe, ga mai waƙar da kansa." Nan da nan aka taru. Bawa ya cire hula ya bi kowa, fasinja da jami'i, yana karɓar waya da izza kamar mai gadin jarrabawa. Wata mata ta so ta ɓoye tata a cikin hijabi, ya ce sam.

Isah ya goga izga. Kai, tsohon nan murya ba ta tsufa ba!

"Bawa ya tuba, ya aje dare ya ɗau rana,
takarda a hannu, salla a kan lokaci!"

Jami'in da ya zazzage shi da safe ya sa hannu a aljihu ya yi wa tsohon kari, sauran suka bi. Aka ɗage ƙarfen shinge ba a ko buɗe but ɗin motar ba. Bawa ya ja mota yana share ƙwalla, yana gaya wa fasinjoji cewa sun gani, waƙar gaskiya ba ta buƙatar caji.

Ba su yi tafiyar minti biyar ba suka iso shinge na gaba. Wani jami'in daban ya hango jar mota, ya washe baki, ya ƙara sautin wayarsa.

"...ka wuce da buhu arba'in!"

"Direba," in ji mai ƙiba daga baya, "da ka bari mun ɗauki sabuwar, ai da ta riga mu isowa nan."

Bawa ya dubi madubi. Isah ya riga ya zaro kukuma daga jaka yana ɗaure tsirkiya, fuskarsa fes kamar ango.

"Shinge nawa ya rage zuwa Maraɗi, ɗana?"

"Bakwai, Baba."

"Gobe ma kana da lodi?"

"Kullum."

"To madalla," in ji tsohon, ya buɗe ƙofa. "Amma daga yau gaba zan riƙa zama. Barkonon nan na taɓa mani murya."