Rubutun Gaban Sulken Kaka

"Ko harafi ɗaya ba zan canja ba," in ji Sumire, tana tsaye gaban allon bayanin da ta rubuta.

Madam Halvorsen, shugabar gidan tarihin garin, ta cire tabarau. Saura awa biyu a buɗe ƙofa. A tsakiyar zaure sulke biyu ne a tsaye: na barden Turai, da na samurai, mayaƙin ƙasarsu Sumire ta asali, wanda kakanta ya ba da aro, gadon da iyayensa suka tsallako teku da shi zuwa Kanada.

"Layi ɗaya ne fa, 'yar nan. Ki rubuta cewa mai sulken nan mai ƙasa ne, kamar wancan Baturen. Tsoho ya ji daɗi, kowa ya kama gabansa."

"Wancan an yanka masa ƙasa har da manoman cikinta, ya rantse zai fita yaƙi. Namu ko taki ɗaya na ƙasa bai mallaka ba. Gadin ƙofar ubangidansa yake, ana auna masa shinkafa. Shekara uku na yi a kan takardun nan."

"To, ke da kakanki."

Tsoho Okazaki, kakan Sumire, ya iso cikin kwat ɗin da yake zuwa biki da ita, da abokansa biyu. Ya sunkuya, ya bi rubutun da yatsa har ƙarshe. Abokan suka shiga kallon rufi.

"Sannu, malama mai digiri. Ashe 'ya'yan maigadi ne mu."

"Kaka, ba abin kunya ba ne. Gaskiyar ke nan."

"Kin ɗauka ban sani ba?" Bai ɗaga murya ba. "Ina ɗan shekara shida gwamnatin nan ta kwashe mu zuwa sansanin tsare mutane lokacin yaƙin duniya. Mu bakwai a ɗakin katako. Uwata ce ta ƙago mana labarin cewa mai sulken nan yana da gonaki da fada, don mu daina kuka. Su kika goge."

Sumire ta dubi allon. Yana hannun damanta, ƙusa biyu ne kawai ke riƙe da shi. Ba ta taɓa shi ba.

Wata huɗu rubutun ya yi a wurin, babu kuskure ko ɗaya. Yawancin masu zuwa hoto suke ɗauka su wuce. Kaka bai karɓe sulkensa ba, bai kuma yi mata faɗa ba. Labari kawai ya daina ba ta. In ta je cin abincin Lahadi, sai ya tambaye ta sanyin gari. Har ya rasu, iyakar hirarsu ke nan.