Zaren da Aka Ɗaura wa Nevena

Tun tana shekara tara ciwon gaɓoɓi ya kama Nevena. Yanzu tana sha shida, yatsu uku kacal ke miƙewa a hannunta na dama. Likita ya faɗa mata ƙiri-ƙiri: ta hutar da su, ko su ma su lanƙwashe har abada.

Ba ta hutar ba. Duk watan Fabrairu tana murza jan zare da fari tana ƙulla martenitsa, ɗan zaren fatan lafiya da ake ɗaura wa juna ranar ɗaya ga Maris. Ƙungiyarsu na neman kuɗin motar da za ta riƙa kai yara marasa lafiya asibitin birni, tafiyar awa uku. Yaran su goma sha ɗaya ne har da ita, ita ce babbarsu.

Ranar ta kafa tebur a dandalin gari, sanyi na ratsa ƙashi. Dimcho mai gasa burodi ya fara zuwa, ya zaɓi mafi araha.

"Jikar Ginka, miƙo hannu. Kin san ba a saya wa kai."

"Kawu Dimcho, kai wa matarka mana."

"Waccan? Ta fi doki lafiya, ni za ta binne. Ke ke bukata."

Ya ɗaure mata a wuyan hannu, ya ja ƙulli.

"A hankali, Kawu, wajen ya kumbura."

"In ban matse ba ai lafiyar za ta zame!" Ya tafi yana dariya.

Haka kowa ya yi. Ya sayi guda, ya ɗaura mata, ya shafa kanta, ya wuce da zuciya fes kamar wanda ya gina asibiti. Garin da kusan kowace ƙofa akwai mota a ajiye, amma ko mutum ɗaya bai ce zai ɗauki yaro guda ya kai shi birni ba. Zare dai, zare! Ita kuwa ba ta iya janye hannu, don wa ke ƙin fatan lafiya a bainar jama'a?

Kafin la'asar zaren ya haura har gwiwar hannu, tafin ya yi suntum, ya koma shuɗi-shuɗi.

A gida ta ce, "Kaka, yanke min."

Kaka Ginka ta dafe ƙirji. "Kin haukace? Ba a cirewa sai an ga shamuwa. Lafiyarki za ki yanke?"

"Shamuwa sai nan da sati uku. Ba na jin yatsuna."

"Ki daure, 'yar nan. Mu ma haka muka yi."

Nevena ta kai hannu ga almakashi, ya suɓuce ya faɗi. Ta sake, ya sake faɗuwa. Sai a nan tsohuwar ta ɗauka, tana yanka tana kuka tana neman gafarar Ubangiji.

Washegari Pavlina, shugabar ƙungiya, ta bugo waya. Nevena ta yi ta ƙoƙarin buɗe hannu ta ɗauka, babban yatsa kaɗai ya motsa. Kaka ce ta kara mata wayar a kunne.

"Jarumarmu! Gari duk zancenki ake. Motar dai ba ta samu ba, ko kuɗin taya biyu ba a kai ba. Baɗi ki fara tun Janairu, kin ji? Ƙullinki ake so."

Nevena ta dubi hannunta a kan cinya, a dunƙule.

"To, Gwaggo," ta ce.